Yadda ake zaɓen girman wili da taya ga motar da ke shiga yashi da laka

Jif ko Hilux a Legas aiki biyu take yi. Da safe tana kan kwaltar Ikorodu Road ko gadar Third Mainland, da rana ta gangara filin gini a Ibeju-Lekki ko Epe inda yashi ke nutsar da ƙafa, ko ta bi hanyar burji ta bayan Mowe da Ibafo wadda ruwan watan Yuni ke mayarwa taɓo. Idan Sallah ta matso kuma a loda mata iyali da kaya a nufi gida ta Ilorin, Jebba da Mokwa. Duk wannan wahala a kan tayoyi huɗu take sauka. Amma idan aka zo sayensu sai ka ga ido ne ke zaɓe: an hango wili inci 20 ko 22 yana ƙyalli a shago, an ɗaura shi da siririyar taya, ramin farko da aka faɗa ya lanƙwasa bakinsa.

Shawarata ga duk wanda motarsa ke barin kwalta ita ce: ɗauki mafi ƙanƙantar wilin da birkinka zai yarda da shi, ka sa masa taya mai tsayin gefe, kuma kada tsayin ƙafar gaba ɗaya ya yi nisa da wanda kamfani ya sa. Ga yadda ake bi a kai ga haka.

Mataki na farko: duba abin da kamfani ya rubuta

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. Akwai 'yar takarda a manne mai ɗauke da girman tayar da aka ƙera motar da ita da yawan iskar da za a sa gaba da baya. Wannan ita ce madogara, ba tayar da ke jikin motar yanzu ba, domin motar tokumbo ta bi hannaye kafin ta zo gare ka kuma kowa ya sa abin da ya samu. Idan takardar ta goge, nemi littafin motar. Rubuta lambar a wayarka kafin ka je kasuwa.

Mataki na biyu: iya karanta lambar, ka iya lissafinta

Mu ɗauki 265/65R17, wadda ake yawan gani a Prado, Hilux da Lexus GX 470. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 65, a nan ake yawan ruɗewa: ba milimita ba ce, kaso ne. Tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin wili zuwa saman zanen da ke taka ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, kuma kusan duk tayar jif ta zamani haka take. Ita kuwa 17 girman wilin ne da inci.

Yanzu ɗauko kalkuletar waya. Ninka 265 da 0.65, za ka samu milimita 172, tsayin gefe ɗaya ke nan. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, don haka ya zama 344 da rabi. Sai ka mayar da wilin milimita: inci ɗaya milimita 25.4 ne, 17 sau 25.4 ya ba da kusan 432. Haɗa su, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama kimanin milimita 776, wato inci 30 da rabi.

Wannan lissafin shi ne kan maganar. Gwada shi a kan waɗannan ka gani: 265/70R16 tana ba da milimita 777, 265/60R18 tana ba da 775, 265/50R20 tana ba da 773, 265/40R22 kuma 771. Dukkansu tsayinsu kusan ɗaya ne da 265/65R17. Wato wanda ya sa wili inci 22 bai ɗaga motarsa daga ƙasa ko da faɗin yatsa ba. Abin da ya yi kawai, ya ƙara ƙarfe ya rage roba. Gefen tayar inci 16 milimita 185 ne, na 17 ya zama 172, na 18 ya sauko 159, na 20 ya koma 132, na 22 kuwa 106 kacal.

Mataki na uku: zaɓi girman wilin

Gefen taya shi ne gammon mota. Shi ke shanye bugun rami da dutse kafin ya kai ga wili, ga shokazoba, ga bayan wanda ke zaune a ciki. Idan gefen gajere ne, da ƙafa ta faɗa rami mai kaifin baki sai robar ta matse tsakanin kwalta da ƙarfe, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga taya ta yi ƙulu a gefe. Irin wannan ƙulun ba ya facuwa, tayar ta gama aiki. Wani lokaci ma wilin ne da kansa ke tsagewa.

Amfani na biyu ya fi shafar mai shiga yashi. Hanyar fita daga yashi mai laushi ita ce rage iska domin tayar ta baje, tafinta ya yi tsawo a ƙasa, ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Taya mai dogon gefe tana da wurin bajewa. Mai gajeren gefe ba ta da shi, da ka rage mata iska kaɗan wili ya kusa taɓa ƙasa.

Saboda haka ga yadda nake kallon girma-girman. Inci 16 ya fi kowanne daɗin daji, kuma tsofaffin Hilux, Pajero, Land Cruiser da L200 da dama da shi suka zo. Inci 17 shi ne tsaka-tsakin da zan zaɓar wa yawancin mutane: gefe ya wadatar, birkin motocin zamani na shiga cikinsa, kuma tayoyin daji masu wannan girman sun fi sauƙin samu a kasuwa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda tayarsa za ta iya fashewa a wani ƙauye tsakanin Jebba da Mokwa, inda mai faci zai iya nemo maka 16 ko 17 amma 22 sai dai a aiko daga birni. Inci 18 ba laifi idan mafi yawan tafiyarka kwalta ce, burji jefi-jefi. Daga 20 zuwa sama na cikin gari ne. Gaskiya suna da nasu amfanin, sitiyari ya fi amsawa da sauri a kwana kan titi mai kyau, kuma suna da kyan gani. Amma ba don wannan aikin aka yi su ba.

Abin da ke hana saukowa ƙasa yadda aka ga dama shi ne birki. Faifan birki da kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan, suna zaune ne a cikin wilin, idan wilin ya yi ƙanƙanta zai goge su ko ya ƙi zama sam. Prado ƙirar 150 da 4Runner daga 2010 zuwa sama, mafi ƙanƙantar wilin da kamfani ya sa musu inci 17 ne, don haka kada ka yi musu sha'awar 16. Ka'ida mai sauƙi: bincika mafi ƙanƙantar wilin da kamfani ya taɓa sa wa irin motarka, ta shekararka da irin injinka, kada ka sauka ƙasa da shi. Kuma kafin ka biya, a ɗora wilin tsirara a ƙafar gaba, a ɗaure noti, a juya shi da hannu, ka leƙa da tocila ka ga akwai rata tsakaninsa da kalifa. Idan wani ya ce a ɗan goge kalifar da giranda don ya shiga, ɗauki motarka ka bar wurin.

Ƙarfe ko aloyi? Wilin ƙarfe yana da nauyi kuma iskar gishiri ta bakin teku na sa shi tsatsa, amma idan ya lanƙwashe ana iya buga shi da guduma a ƙarasa tafiya. Aloyi ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya irin wannan tsatsar, sai dai yakan tsage maimakon ya lanƙwashe. Motar aiki ta gona ko ta ɗaukar kaya, ƙarfe. Motar iyali, aloyin kamfani na asali ya isa. Abin gudu shi ne aloyin da aka yi wa walda aka rufe da fenti, waɗanda ba su da wuyar samu a cikin na hannu. Juya shi ka duba cikinsa da kyau.

Mataki na huɗu: lambobin da ke bayan wilin

Girman inci kaɗai ba ya sa wili ya dace. Akwai abu huɗu da za a duba, kuma mai shago zai iya ce maka "Alhaji, zai shiga" alhali shiga daban, dacewa daban.

Na farko ramukan noti. Yawancin Hilux, Prado, 4Runner, Pajero, L200 da Ford Ranger ramuka shida ne a kan da'irar milimita 139.7. Land Cruiser 100 da 200 da Lexus LX 570 ramuka biyar ne a kan 150. Navara ƙirar D40 da Pathfinder ƙirar R51 ramuka shida ne su ma, amma a kan 114.3, don haka ƙirga ramuka kawai ba ya isa.

Na biyu ramin tsakiya. Na waɗannan motocin Toyota masu noti shida milimita 106.1 ne, na Ranger 93.1, na Pajero da L200 na zamani 67.1. Wilin da raminsa ya yi ƙanƙanta ba zai zauna ba. Wanda ya yi girma zai zauna, amma sai an sa masa zoben cike gibi, in ba haka ba ka ji sitiyari na rawa da zarar ka fara gudu.

Na uku faɗin wilin, na huɗu kuma lambar ET. Za ka ga an buga su a bayan wilin kamar haka: 17x7.5J ET25. Wato inci 17, faɗi inci 7 da rabi, ET kuma 25. Taya mai faɗin 265 tana zama daram a kan wili mai faɗin inci 7.5 zuwa 8.5, mai 285 kuwa ta fi son 8 zuwa 9. Ita ET tana nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje. Lambar na ƙaruwa, ƙafa na shigewa ciki, har ta iya gogar hannun sama na ƙafar. Lambar na raguwa zuwa sifiri ko ƙasa da shi, ƙafa na bullowa waje. Matasa na son wannan bullowar don mota ta yi kwarjini, amma tana ɗora wa boris da bol-join nauyin da ba a tsara musu ba, tana sa taya ta riƙa cin madigadi a kwana, tana kuma watsa laka a jikin mota da kan masu tafiya a gefen hanya. Tsaya kusa da lambar wilin kamfani, bambancin milimita 10 zuwa 15 ba ya cika kawo matsala.

Kada a manta da noti. Aloyin Toyota na asali yana amfani da noti mai wosha mai shimfiɗaɗɗen gindi, yawancin wilin kasuwa kuwa mai tsinin gindi suke so. Sa wannan a wurin wancan na sa noti ya kwance a hanya. Sannan akwai wili mai inci 16.5 da 17.5 na wasu motocin kaya. Ba a ɗaura musu tayar 16 ko 17, tana iya fashewa a fuskar mai faci yayin ba ta iska.

Mataki na biyar: idan kana son ƙara tsayi

Wani zai ce, to ni ina son cikin motata ya daina gogar ƙasa. Hakan sai da taya mai tsayi, kuma a nan ma lissafi ne zai gaya maka gaskiya. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, tsayi ya tashi daga milimita 776 zuwa 803. Ƙarin 27 ke nan, amma rabinsa ne kaɗai ke ɗaga mota, wato milimita 13. Idan ka tsallaka zuwa 285/70R17, tsayi ya kai 831, motar ta ɗagu da milimita 27.

Me ka biya a kan wannan? Maleji zai fara yi maka ƙarya. Da 265/70R17, idan ya nuna 100 kana kan kimanin 103. Da 285/70R17, kana kan 107, kuma lissafin kilomitocin da kake canjin baƙin mai da shi ya karkace haka nan. Mota za ta yi nauyin tashi, giya mai canja kanta ta riƙa neman wurin zama a hawa, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar, mai kuma ya ƙara tafiya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan na ƙarshen ba abin da mai mota zai kau da kai a kansa ba ne, balle a cunkoson Legas inda tashi da tsayawa suka fi tafiya yawa.

Ka'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada bambanci ya wuce kashi 3 cikin 100 na tsayin asali. Mataki ɗaya sama, kamar daga 65 zuwa 70 a faɗi ɗaya, ya ɗan haura wannan iyaka kaɗan, amma a motoci da yawa yana shiga ba tare da an taɓa komai ba. Abin da ya wuce nan ya zama wani aiki daban: ɗaga mota, yanke robar madigadi, wani lokaci har canja haƙoran aksul. Ga mai zuwa filin gini da gona, ban ga abin da zai sa ya shiga wannan ɗawainiya ba.

Faɗi ma haka. Ana ɗauka faffaɗar taya ta fi riƙe ƙasa ko'ina, amma a kan kwalta mai kwance da ruwa, irin wadda ake gani a Lekki da Ajah da damina, faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwan ta bar titi.

Mataki na shida: zane da ƙarfin ɗaukar kaya

Zane iri uku ne. H/T na kwalta, shiru, mai sauƙin shan mai. M/T na laka, mai manyan ƙayoyi, gwani a taɓo amma mai ƙara a titi, kuma riƙonsa a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai sauran ba. A/T yana tsakani, kuma shi ya dace da motar da ke kwana a Agege ko Idi-Araba ta wuni a Epe. BFGoodrich All-Terrain, Bridgestone Dueler A/T, Dunlop Grandtrek da Yokohama Geolandar duk suna da irinsa.

Bayan girman za ka ga wata lamba da harafi, misali 112S. Lambar nauyi ce: 110 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 115 kilo 1,215, 121 kuwa kilo 1,450. Harafin iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Kada lambar nauyi ta gaza wadda ke takardar ƙofa. Mai lodin buhuna daga Mile 12 ko siminti zuwa wurin gini ya nemi wadda aka rubuta LT a gaban lambarta. Jikinta ya fi kauri, ƙusa da kututture ba sa huda ta da sauƙi, sai dai ta fi tauri a zama kuma tana son iska fiye da ta gama-gari.

Mataki na bakwai: a kasuwa

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya da ta Ikeja a 2008, tayoyin jif da muke sawa daga waje ake shigo da su, mai kyau da marar kyau a haɗe. Ko Ladipo ka je, ko Trade Fair, ko Owode Onirin, idonka ne zai cece ka.

Nemi rubutun DOT a gefen tayar, ka duba lambobi huɗun ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Shafa wurin da yatsa, idan ya yi kama da an goge an sake bugawa, bar ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin cewa shekara huɗu daga ranar ƙira shi ne wa'adin taya, don haka sabuwar da ta yi shekara biyu a sito ta riga ta cinye rabin wa'adinta a idon jami'an hanya. Duba bakin da ke kama wili: wasu masu shigo da kaya na cusa taya cikin taya don rage kuɗin kwantena, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kamawa, kuma hakan na lanƙwasa wayar bakin.

Game da tayar tokumbo, tana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, amma ga ta nan a kasuwa kuma na san aljihu ne ke kai mutane gare ta. Ba na ba da shawararta ga motar da za ta ɗauki iyali zuwa Arewa cikin zafin kwalta. Da yawansu tayoyin hunturu ne na ƙasashen sanyi, za ka ga an rubuta Winter ko Studless, robarsu mai laushi ce da aka haɗa don ƙanƙara. Sabuwar taya mai matsakaicin suna ta fi tsohuwa mai babban suna.

Kuma sayi biyar, ba huɗu ba. Prado, Land Cruiser da GX ƙafafunsu huɗu ke ja koyaushe, idan taya ɗaya ta bambanta da sauran a tsayi, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ce ke shan wahalar. Safaya dole ta zama girman sauran. Idan ka ƙara tsayi, gwada ka ga sabuwar safayar na shiga mazauninta a ƙarƙashin mota ko a ƙofar baya.

Mataki na takwas: ɗaurawa da gwaji

A yi balansin kowace ƙafa, a sa sabon bawul, idan motar na da na'urar auna iska a cikin wili a mayar da ita cikin sabon. A fara ɗaura noti da hannu, a ƙarasa a tsallake-tsallake, wannan sannan na ɗaya gefen da ke fuskantarsa, ba a jere ba. Roƙi mai facin kada ya danne su da bindigar iska har ƙarshe, matsewar da ta wuce kima na miƙar da ƙusoshin. Sai alaimen. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin.

Gwajin gogayya kuwa kada ka bar shi sai ka shiga daji. Juya sitiyari har ƙarshe dama, yi gaba, yi baya, ka maimaita hagu. Hau da ƙafa ɗaya kan tudu ko bakin kwalbati a hankali don ƙafar ta matse sama. Yi haka da mutane da kaya a ciki. Sannan ka leƙa ka nemi wurin da roba ta goge ya yi sheƙi a madigadi, a bayan bamba, ko a jikin ƙarfen shasi.

Mataki na tara: iska

A kwalta bi abin da takardar ƙofa ta ce, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, da gejinka na kanka, domin masu faci da yawa 40 ko 50 a ma'aunin iska na PSI suke durawa kowace mota. A burji mai tsakuwa rage kaɗan yana sa mota ta daina tsalle. A yashi mai laushi ana saukowa wajen 18 zuwa 20 a ma'aunin PSI, a tafi a hankali, ba juya sitiyari da ƙarfi. Ƙasa da 15 a wili na gama-gari taya na iya zamewa daga bakinsa. Hilux da ire-irenta masu sa giyar ƙafa huɗu da hannu, a sa ta kafin a shiga yashin, a cire ta da an dawo busasshiyar kwalta.

Ajiye ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota a but. Da ka fito daga yashi, tsaya a gefe ka mayar da iskar yadda take kafin ka hau titin Lekki zuwa Epe, domin gudu da taya mai ƙarancin iska yana dafa ta daga ciki, kuma ɓarnar ba ta nunawa a waje sai ranar da ta fashe.